Ranar da ɗan yayata ya roƙe ni bulala a Yankari

Ni malamin firamare ne a cikin garin Bauchi, aji 5 nake riƙe da shi. A hutun zango na biyu, cikin watan Afrilu, makarantarmu ta shirya wa yara zama na kwana 4 a kan namun daji. Ba kwana suke yi a wurinmu ba, da safe iyaye su kawo su, da la'asar su zo su ɗauka. Kwana 3 na farko a harabar makaranta, rana ta 4 kuma mu kwashe su zuwa Yankari mu dawo kafin magariba. Yara 36 aka rubuta, daga mai shekara 8 zuwa mai 12. Mu manya mu 6 ne: malamai maza 3, mata 2, da wata uwa ma'aikaciyar jinya da ta ce za ta bi mu saboda Allah. Shugabar makaranta ta kira ni ofis ta ce, "Malam, kai za ka rubuta mana dokoki, da abin da za a yi wa wanda ya karya." Mako guda na yi ina rubutawa ina gogewa.

Gardamar farko a ɗakin malamai aka yi ta. Ina karanta abin da na rubuta, na zo inda na ce ba bulala, ba kamun kunne, ba tsallen kwaɗo, ba durƙuso a rana, ba zagi, kuma ba za a hana yaro abinci ko ruwa da sunan horo ba. Sai wani dattijon malami, wanda ya daɗe yana koyarwa tun kafin in shiga aikin, kuma har gobe ina ganin girmansa, ya ajiye bironsa ya ce, "Malam, 'ya'yan mutane za ka kai inda giwa take, ka ce ba bulala? Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ban raina maganarsa ba. Tsoron da yake ji shi nake ji. Yaro ɗaya ya toshe kunne na minti ɗaya a daji, sai a koma gida da labarin da ba wanda yake son ya kai wa iyaye.

Sai dai ni ma ina da abin da na gani da idona. Shekarun baya mun taɓa fita da yara yawon buɗe ido, wani yaro ya sulale daga layi ya taka fasasshiyar kwalba. Saboda ya san in ya faɗa za a tambaye shi me ya fitar da shi daga layi, kuma ya san abin da zai biyo baya, sai ya mayar da takalminsa ya yi gum. Ba mu sani ba sai da jini ya jiƙa safa ya fara ɗiga a ƙasan mota. Tun ranar na gane cewa abin da tsoron duka yake fara koya wa yaro shi ne ɓoyewa. A aji, ɓoye laifi ba ya kashe kowa. A daji kuwa, in wani abu ya ciji yaro, ko abokinsa ya ɓace, ko ya ga wani yana tsokanar dabba, ina so ya sheƙo wurina nan take ba tare da ya tsaya lissafin bulala nawa zai sha ba. Wannan na faɗa musu. Dattijon ya yi shiru, ya ce, "To, Allah ya sa mu ga alheri." Bai gamsu ba, amma ya yarda a gwada.

Da farko dokoki 14 na rubuta. Ma'aikaciyar jinyar nan ce ta ce mini ko ita ba za ta iya riƙe su ba, balle ɗan shekara 8. Na yi ta ragewa har suka koma 5, daidai yatsun hannu ɗaya. Ba mai rabuwa da rukuninsa, ko fitsari zai yi sai da babba da abokin tafiyarsa. Ba a ba dabba abinci, ba a taɓa ta, ba a jifanta, ba a tsokanarta. In aka busa usur kowa ya tsaya cak inda yake, in malami ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. A cikin mota a zauna, kai da hannu duk a ciki. Ta ƙarshe, ba a ɗaukar komai daga daji, ba a kuma yar da komai a cikinsa, ko ledar fiya wata ce. A ƙasan takardar na ƙara wani layi wanda ban sa masa lamba ba: duk wanda ya zo ya faɗi abin da ya faru, ko shi ya yi ko waninsa, ba za a hukunta shi don ya faɗa ba, kuma ba wanda zai kira shi magulmaci.

Hukuncin kuma hawa uku ne. Na farko a kira sunanka a tuna maka. In ka sake, ka bar abokanka ka zauna kusa da malami na minti 10. In ka kuma, ka rasa abin da ya rage na nishaɗin ranar, a kira iyayenka a waya tun muna can. Amma doka ta biyu da ta rabuwa da rukuni, su ba sa bin hawa-hawa. Wanda ya ba dabba abinci ko ya sulale shi kaɗai, kai tsaye hawa na uku zai faɗa, domin irin wannan kuskuren ba kullum yake ba mutum damar yin na biyu ba.

Muka kira iyaye taro, na karanta musu takardar da Hausa, kowa ya sa hannu, yaron ma ya rubuta sunansa a ƙasan na mahaifinsa. Wani uba ya miƙe ya ce, "Malam, nawa dai in ya yi ba daidai ba ka zane shi, ni na ba ka izini." Na gode masa, na ce izinin da nake nema shi ne ya bar wayarsa a kunne ranar. Wata uwa kuma damuwarta zaki. Na ce mata zaki ba kasafai ake ganinsa ba, abin da ya fi damuna shi ne birai. Aka yi dariya. Cikin waɗanda suka sa hannu har da yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, domin ɗanta na biyu, mai shekara 10, yana cikin yaran. A gidansu Kawu yake ce mini, a makaranta Malam.

Kwana ukun nan na makaranta su ne ginshiƙin tafiyar, ko da yake yaran sun ɗauke su kamar jiran mota. Mafi yawansu abin da suka sani na namun daji na gidan zu ne, inda ƙarfe yake tsakaninka da dabba. Na zana musu taswira a allo na ce Yankari ta kai murabba'in kilomita 2,244, a Ƙaramar Hukumar Alƙaleri, an keɓe ta tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ta koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ta dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ina kejin yake?" Na ce babu. Can gidansu ne, mu ne baƙi. Na tambaye su, in aka kai ku gidan kakanninku, kuna shiga kuna ihu kuna jifan kaji? Suka ce a'a. Daga nan dokokin suka fara shiga kansu, domin ladabin baƙunta abu ne da kowane ɗan Bahaushe ya sha da nono.

Kowace doka sai da na faɗi dalilinta. Shiru, saboda giwa ba ta gani sosai amma jinta da ƙanshinta suna da ƙarfi, kuma uwar da ta yi wata 22 tana ɗauke da ciki ba ta wasa da ɗanta. Kaya, muka ce kada a sa shuɗi ko baƙi, domin tsando waɗannan launukan yake bi. Kayan makarantarmu shuɗi ne, don haka muka ce kowa ya zo da na gida masu launin ƙasa, 'yan mata su sa hijabi mai haske. Batun birai kuwa sai da muka yi shi a aikace. Wani malami ya zama biri, ya riƙa zuwa yana fizgar jaka, yaran suna koyon abin yi: kada ka gudu, kada ka yi ihu, kada ka ƙura masa ido, kada ka washe masa haƙora, ka saki abin da ke hannunka ka ja da baya a hankali. Sun yi ta dariya, amma mun maimaita har sai da jikinsu ya riƙe. Usur ma haka. Ana tsakiyar wasa sai in busa, in ƙirga daƙiƙa nawa za su yi kafin su tsaya. Ranar farko sai da na busa sau 3. Rana ta uku busa ɗaya ta isa.

Da asubar ranar tafiya muka bincike jakunkuna a bakin mota. Danƙo 4 muka karɓe, da alawa da biskit da yawa, muka rubuta sunan masu su don a mayar musu da yamma. Abinci duka a manyan kuloli yake, a hannun manya. A nan ne na yi kuskuren da ya zama nawa ni kaɗai. Ɗan yayata a gidana ya kwana, a kan babur ɗina muka zo, da hannuna na shirya jakarsa. Na ga ba abin da zan bincika. Ban taɓa aljihunsa ba.

Muka kama hanyar Gombe, a Dindima muka saki titin muka nufi Mainamaji inda ƙofar shiga take. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, daji hagu da dama. Tun a nan hayaniyar yaran ta fara raguwa da kanta. Muna isa muka tarar da birai a ko'ina, wasu a kan rufi, wasu suna zaune a gefen hanya suna kallon hannuwanmu, ga gadu suna kiwo a durƙushe kamar awakin gida. Malamin dajin da aka haɗa mu da shi dattijo ne, baƙi, marar yawan magana. Ya dubi yaran ya tambaye ni ko akwai mai abinci a jikinsa. Na ce babu, mun bincika.

Zagayen daji a buɗaɗɗiyar mota muka yi shi, kashi biyu. Rana ta riga ta ɗaga, ya gaya mana tun farko cewa namun sun fi fitowa da sassafe ko da yamma, amma da yake rani ne suna taruwa a kusa da kogin Gaji. Mun ga gwambaza, mun ga mazo ya gifta da gudu, mun ga burtu biyu suna takawa a hankali, da kada a kwance a bakin ruwa kamar gungume. Giwa kuwa sai kashinta ɗanye da rassan da ta kakkarya. A nan na ga wani gurbi a tsarina. Na ɗora wa yara shiru na fiye da awa ɗaya, cikin zafin Afrilu, ga cizon tsando, ga giwar da aka yi musu alkawari a zuciyarsu ba ta fito ba. Wani yaro ya miƙe tsaye, na kira sunansa ya zauna. Ya sake miƙewa, na dawo da shi kusa da ni, na nuna masa agogo. Minti 10 na cika na ce ya koma, ban ƙara masa ko kalma ba, kuma bai sake ba. Wata ƙaramar yarinya kuma ta fashe da kuka saboda tsando ya cije ta a wuya. Wani yaro ya ce, "Malam, ta karya doka." Na ce kukan ciwo ba karya doka ba ne. Wannan bambancin yana da muhimmanci a wurina. Yaron da ya gaji, ko yake jin ƙishi, ko ya tsorata, ruwa da lallashi yake bukata, kuma babba ne ya kamata ya gane hakan kafin ya buɗe baki.

Bayan mun dawo muka shiga ɗakin adana kayan tarihi, suka ga fatu da haure da ƙasusuwa, da tarkuna da makaman da aka ƙwace daga masu farautar sata. Muka ci abinci a wuri ɗaya, manya a kewaye, muka tattara ko ƙwayar shinkafa. Muka yi sallar azahar. Abin da ya rage shi ne wanda kowa yake jira tun daga gida, wato wanka a Wikki.

Muna jera su, kowa da ledar kayan wankansa, sai na ji an ja mini hannun riga. Abokin tafiyar ɗan yayata ne, yaro mai shekara 9, idonsa a waje. Ya ce, "Malam, yana ba biri gyaɗa." Na juya. Ɗan yayata yana can ƙarshen layi, ya ba mu baya, yana jefa wa wani ɗan ƙaramin biri gyaɗa ɗaya-ɗaya don ya matso. Bayan ƙaramin kuwa wasu sun fara saukowa, cikinsu har da wani ƙaton namiji. Na busa usur da duk ƙarfina. Yara 36 suka tsaya cak. Ƙaton nan ya sheƙo, bai ma bi ta kan gyaɗar ba, ya nufi wata yarinya 'yar shekara 8 da ke riƙe da baƙar leda, domin su a wurinsu leda abinci ce. Ya kama ledar. Ta saki. Ba ta yi ihu ba, ba ta gudu ba, ta ja da baya taku biyu tana rawar jiki. Malamin daji ya daka masa tsawa ya ɗaga sanda, birin ya haye bishiya da ledar, ya yage ta, ya zubo da tawul da 'yar rigarta ƙasa.

Duka abin bai kai minti ɗaya ba. Ma'aikaciyar jinya ta duba hannuwan yarinyar ciki da baya, ba ƙwarzane ko ɗaya, alhamdu lillahi. Da ya yage ta ko ya cije ta, da tafiyar ta ƙare a nan, sai asibiti da allurai. Fiƙar namijin birin nan ta kai tsawon ɗan yatsa. Har yanzu in na tuna cewa da mutum ɗaya ya ruga da sauran sun bi shi, sai in ji gabana ya faɗi.

Na kira ɗan yayata gefe, inda sauran ba za su ji mu ba, ko da yake duk idonsu yana kanmu. Na ce, "Me ke aljihunka?" Ya fito da ragowar gyaɗar, soyayya, a ƙulle a leda. Bai yi musu ba. Ya ce so yake ya ga hannun birin kusa, wai an ce irin na mutum ne. Na ce, "Wace doka ce wannan?" Ya ce, "Ta biyu." Na ce, "Hukuncinta fa?" Sai ya fara hawaye.

Dattijon malamin nan ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Malam, ka yi masa guda uku ya wuce wurin. Yaro ne, tun yaushe yake maganar ruwan nan." Ba mugunta ta sa ya faɗa ba, tausayi ne. A ganinsa bulala uku ta fi sauƙi a kan a hana yaro abin da ya ƙwallafa rai a kai. Yaron ya ji shi. Ya durƙusa ya kama ƙafata ya ce, "Kawu, don Allah don Annabi ka zane ni. Ko goma ne ka yi mini. Ka bar ni in shiga."

Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Yaron nan a hannuna aka yi masa huɗuba. Na san tun wata biyu yake ƙirga kwanaki. Kuma ina da nawa laifin, tunda ni ne ban duba aljihunsa ba. Zuciyata ta ce mini, ai kai ma ka yi sakaci, ka raba laifin biyu ka sassauta. Amma roƙon nasa shi ya nuna mini abin da ban gama ganewa ba ko a ɗakin malamai. A wurinsa bulala ciniki ce. Ka yi abin da kake so, ka biya da bayanka, ka ci gaba da harkarka. Da na karɓi wannan cinikin, da na koya wa yara 36 cewa ba biri abinci yana da farashi, kuma farashin bai fi ƙarfin mai taurin fata ba. Ga kuma yaron da ya ja mini riga yana tsaye yana kallo. Ya tona asirin abokinsa saboda ya yarda da abin da na rubuta. Ga sauran suna jiran su ga ko dokar tana aiki a kan ɗan gidan Malam.

Na ɗaga shi tsaye na ce, "Ba zan dake ka ba, kuma ba za ka shiga ba. Abin da ka sa wa hannu ke nan, ni ma shi na sa wa hannu. Ni ma ba zan shiga ba, tare za mu zauna." Na gaya masa a fili cewa rashin duba aljihunsa kuskurena ne, kuma zan faɗa wa shugabar makaranta da bakina.

Na raba sauran yara 5 na rukunina ga malaman maza biyu. Muka sauka matakalar da ke kai wa ruwan. Wanda bai taɓa ganin Wikki ba, ruwa ne garai-garai da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, kana hango farin yashi a ƙasansa, manyan itatuwa sun yi masa rumfa. Kusa da dutsen yana da zurfin da zai shanye babba, don haka muka tsayar da yaran can ƙasa inda bai wuce ƙugunsu ba, malamai biyu a cikin ruwa, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Maza suka fara, bayan sun fita 'yan mata suka shiga da malamansu mata. Mu kuwa muna zaune a gefe kusa da tarin takalma da riguna. Ya yi kuka sosai, na bar shi ya yi. Ban yi masa wa'azi ba, ban kuma ce masa ya daina ba.

Can sai malamin daji ya zo ya zauna kusa da mu. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, ka ga ƙaton da ya ƙwace ledar nan? Ba haka aka haife shi ba. Wani ne ya fara jefa masa gyaɗa yana ƙarami, kamar yadda ka yi wa wancan." Ya bayyana masa cewa birin da ya saba da abincin mutane yakan daina jin tsoronsu, daga roƙo ya koma ƙwace, daga ƙwace ya koma cizo, kuma a ƙarshe birin ne yake shan jifa da duka, mai gyaɗar kuwa ya daɗe da komawa gidansu. Yaron ya share ido ya ce, "Baba, to ƙaramin ma haka zai zama?" Ya ce, "In kowa ya yi abin da ka yi." Na lura wannan ta shige shi fiye da duk abin da na faɗa cikin kwana uku. Shi da ya ɗauka alheri yake yi wa ɗan birin.

Da 'yan mata suka fito, shi da kansa ya ce zai ba yarinyar haƙuri. Ya je ya tsaya a gabanta ya ce, "Ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe," ta ɓuya a bayan malamarta. A gaban kowa na yaba mata, na kuma yaba wa yaron da ya faɗa mini. Na ce su biyun nan su suka tsare mu yau. Na ja kunnen kowa cewa duk wanda ya tsokani ɗan yayata da maganar a mota, shi ma ya taka hawa na farko.

Saura kiran waya. Da na samu sabis na kira yayata.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya? Me ya same shi?"

"Lafiyarsa ƙalau, ga shi nan kusa da ni." Na gaya mata komai, har da batun aljihu.

Ta yi salati, ta tambayi lafiyar yarinyar, sannan ta ce, "Bari ya dawo, zai gamu da babansa." Na ce, "Yaya, don Allah a'a. An riga an hukunta shi, ya kuma ɗauka. In aka sake dukansa a gida, gobe ba zai faɗi gaskiya ba." Ta yi shiru. Sai kuma muryarta ta canza ta ce, "Amma kai ma, ɗanka ne fa. Kowa ya shiga ruwa shi kaɗai yana zaune?" Na ce, "Ba shi kaɗai ba, tare muka zauna." Ba ta ce komai ba, ta kashe wayar. Na fahimce ta. Uwa ce, haushin abin da ya yi da tausayin abin da aka yi masa duk suna cinta a lokaci guda.

Mun bar Wikki da la'asar sakaliya, na ƙirga kawuna sau biyu kafin mota ta tashi, muka iso Bauchi ana shirin kiran magariba. Na mayar wa masu danƙo da alawa kayansu, na rubuta abin da ya faru a littafin makaranta, da sa'a da sunan waɗanda suka gani. Mahaifin yarinyar kuwa ban jira ya ji a bakinta ba, na tare shi a bakin ƙofa na faɗa masa. Ransa ya ɓaci, kuma yana da gaskiya. Na ba shi haƙuri ban kare kaina ba.

A taron da muka yi bayan an koma makaranta, dattijon malamin ya ce, "Malam, tsarinka ya yi aiki, amma ka ci sa'a. Da yaron nan bai ja maka riga ba fa?" Na ce gaskiya ne. Ni a ganina ba sa'a ce ta sa ya ja rigar ba, amma ban ja da shi ba, domin tambayarsa tana kan hanya. Muka gyara takardar. Za a riƙa duba aljihu, na kowa, kuma ba malamin da zai binciki ɗan gidansu. Za a ƙara babba na 7 wanda ba shi da rukuni, aikinsa ya tsaya a ƙarshen layi, kuma shi zai zauna da duk wanda aka dakatar don kada a rage masu tsaron ruwa. Shirun cikin mota za a yanka shi gajere-gajere, a riƙa ba su damar tambaya a tsakani. Za kuma mu daina yi wa yara maganar giwa kamar tana jiranmu a bakin hanya.

A daren da muka dawo, ni na kai shi gida a babur. Mahaifinsa ya saurare ni har ƙarshe, ya dubi ɗansa ya ce kuɗin tawul da ledar yarinyar daga kuɗin tararsa za a cire, bai ƙara komai ba. Yaya ta kawo mini ruwa ba ta kalle ni ba. Da na fito zan tayar da babur, yaron ya biyo ni zaure ya tsaya yana wasa da bakin rigarsa.

"Kawu, wai da gaske ruwan da ɗumi?"

Na ce da gaske ne, digiri 31, dare da rana, rani da damina.

"Baɗi za a rubuta sunana?"

Na ce za a rubuta, in mahaifinsa ya sa hannu, shi ma ya sa nasa a ƙasa.